"Ai Tsufa Ne": Yadda Ake Koya Wa Ma'aikatan Asibiti Duba Gajiyayyu

Duk wanda ya taɓa kai tsoho asibiti a ƙasar nan, da wuya a ce bai ji wannan magana ba, ko daga bakin ma'aikaci ko daga bakin 'yan rakiya: "Ai tsufa ne, ku koma da shi gida ku yi ta lallaɓawa." Daga nan sai a rubuta maganin ƙarin jini da na ciwon jiki, a sa Baba cikin mota, a mai da shi ɗakinsa a shimfiɗe. Bayan wata biyu ko uku sai a ji ya kasa tashi sam, bayansa ya yi gyambo, ba da jimawa ba kuma a ji sanarwar jana'iza. Kowa ya ce kwana ya ƙare.

Kwana kam in ya ƙare ba mai tsai da shi. Amma likitocin da suka ƙware a kan tsofaffi sun daɗe suna nuna cewa da yawa daga cikin abin da ake jingina wa tsufa ciwo ne sosai, mai suna, mai magani, wanda ba a gano ba domin ba a koya wa mai dubawa inda zai nema ba. Saurayi idan ya kamu da ciwon huhu jikinsa zai yi zafi, ya yi ta tari, ko ɗan koyo ya gane. Tsoho mai rauni kuwa yana iya kamuwa da ciwon nan ba zazzaɓi, abin da kawai za a gani shi ne ya bar cin abinci, ko ya faɗi a tsakar gida, ko ya kama sambatu da dare. Haka ma ciwon zuciya yana iya zo masa ba tare da ciwon ƙirji ba. Saboda haka duba gajiyayye wani ilmi ne dabam, kuma sai an zauna an koya.

BATURIYAR DA AKA DANƘA WA MUTUM 714

Wani likita a birnin New York na Amurka, Ignatz Nascher, shi ya fara raɗa wa wannan fanni suna a 1909, yana mai cewa kamar yadda yara suke da likitansu, haka ya kamata tsofaffi su sami nasu. Amma wadda ta nuna abin a aikace wata likita ce a Ingila mai suna Marjory Warren. A 1935 aka haɗa asibitin da take aiki, watau West Middlesex a yammacin London, da wani gidan gajiyayyu da ke maƙwabtaka da shi, aka danƙa mata mutum 714, galibinsu tsofaffi. An riga an yanke musu hukunci cewa ba za su warke ba. Waɗansu sun shekara da shekaru a kwance, ana ba su abinci a baki, ana sauya musu shimfiɗa, ba wanda ya damu ya san abin da ya kwantar da su tun farko.

Abin da ta yi ba wani sabon magani ba ne. Bin su ta yi ɗaya bayan ɗaya tana dubawa daga kai har ƙafa, kamar yadda ake duba kowane majiyyaci, ta rarraba su bisa ga abin da ke damun kowa. Ta sa aka gyara ɗakunan, aka ƙara haske, aka kafa abin dafawa a jikin bango, aka kuma fara ta da mutane zaune, daga zaune zuwa tsaye, daga tsaye zuwa tafiya. Sai ga waɗanda aka ce ba su da sauran amfani suna takawa da ƙafarsu, waɗansu har sun koma gidajensu. Ta rubuta abin da ta gani cikin mujallun likitoci a 1943 da 1946, inda ta nemi a riƙa koya wa ɗaliban likita da nas-nas wannan aiki, a 1947 kuma tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Ingila. Ta rasu cikin haɗarin mota a Faransa a 1960.

Wani likita da ya biyo bayanta, Bernard Isaacs, ya tara manyan masifun tsufa guda huɗu ya kira su ƙattai: kasa motsi, yawan faɗuwa, kasa riƙe fitsari ko bayan gida, da rikicewar tunani. Har yanzu da su ake fara karantar da ɗalibi, domin kowanne daga cikinsu alama ce, a bayansa akwai dalili da za a tono.

WANE NE MAI RAUNI?

Yawan shekaru ba shi ne ma'auni ba. Akwai ɗan shekara 80 da ke zuwa gona a kan keke, akwai kuma ɗan 65 da mura kaɗai za ta kwantar da shi wata guda. Bambancin shi ne sauran ƙarfin da jiki ya ajiye don ranar wahala. Mai rauni kamar rumbu ne da hatsinsa ya kai ƙasa: muddin ba fari ana cin tuwo, amma da zarar damina ta yi gardama sai gida ya tashi.

A 2001 wata likita a Amurka, Linda Fried, da abokan aikinta suka fitar da alamu biyar na gane irin wannan mutum. Ramar da ba a nema ba, wajen kilo 4 da rabi cikin shekara, yawan jin gajiya, sanyin damƙar hannu, tafiyar hawainiya, da ƙarancin zirga-zirga. Wanda ya haɗa uku daga ciki, mai rauni ne. Mai ɗaya ko biyu ya kama hanya, kuma shi ne ya fi sauƙin a juyo da shi. A 2005 kuma Kenneth Rockwood na Kanada ya fito da wani tsani da ake ɗora majiyyaci a kai, wanda daga baya aka mai da shi hawa tara, daga mai cikakken ƙarfi a hawa na ɗaya zuwa wanda ajali ya kusanto a hawa na tara. Abin da ake nanata wa ɗalibi a nan shi ne kada ya auna mutum da yadda ya gan shi yau a kan gado. Sai ya tambayi yadda yake mako biyu kafin ciwon ya kama shi. Tsohon da aka kawo ranga-ranga, amma makon jiya shi ya kai awakinsa kasuwa, ba ɗaya yake da wanda ya shekara ana ɗaga shi ba, ko da yake a ido yau kamarsu ɗaya.

Wannan tsani ya yi suna a 2020 lokacin annobar korona, sa'ad da hukumomin lafiya na Ingila suka ce a yi amfani da shi wajen shawarar wanda za a kai ɗakin masu tsananin ciwo. Nan da nan aka yi ca, domin an ga za a zalunci naƙasassu matasa waɗanda dama can ana taimaka musu amma lafiyarsu ƙalau, sai aka gyara umarnin aka ware su. Ma'auni a hannun wanda bai sami horo ba yana iya zama makami.

ABIN DA AKE YI A ƊAKIN DUBAWA

A ɗauki misalin wani dattijo da 'ya'yansa suka kawo, suka ce ya faɗi sau biyu cikin wata, kuma kwanan nan ba ya gane mutane sosai. Ma'aikacin da bai sami horo ba zai juya ga babban ɗan ya yi ta tambaya, tsohon na zaune kamar kaya. Wanda ya sami horo kuwa zai jawo kujera ya zauna daidai fuskarsa inda haske yake, ya gaishe shi: "Baba, sannu da zuwa, yaya ƙarfin jikin?" Ba zai ɗaga murya ba, domin ihu ba ya taimakon mai nauyin kunne, sai dai a yi magana a hankali a fili. Tun daga wannan gaisuwa an fara awo: ya ji? ya gane? ya amsa daidai?

Sa'an nan a shiga tambayar zaman yau da kullum. Tun 1963 wani likita mai suna Sidney Katz ya jera abubuwa shida da ake tambaya: wanka, sa tufafi, zuwa bayan gida, tashi daga shimfiɗa, riƙe fitsari, da cin abinci da hannunsa. To amma an tsara tambayoyin ne don mai kwana a kan gado mai zama a kan masai na kujera. A Arewa dole ɗalibi ya mai da su irin zaman mutanensa. Baba yana iya tashi daga tabarma ba a kama shi ba? Yana iya tsugunawa a salga ya miƙe? Yana ɗaukar butarsa da kansa? Tun yaushe ya koma yin salla a zaune, tun yaushe kuma aka bar ganinsa a masallacin unguwa? Iyali ba sa riƙe kwanan wata, amma kowa a gidan zai iya faɗin cewa tun azumin bara Baba bai ƙara yin sujada ba, wannan kuwa ya fi wa likita amfani da hoton ƙashi.

Bayan tambaya sai gwaji, kuma yawancinsa ba ya bukatar na'ura. A sa shi ya tashi daga kujera, ya taka mita uku, ya juyo ya zauna, ana duba agogo. In ya kai sakan 12 ko fiye, yana cikin haɗarin faɗuwa. A auna jininsa yana kwance, a sake aunawa bayan ya miƙe tsaye. In lambar sama ta sauka da 20 cikin minti uku, to ga dalilin jirin da ke kayar da shi in ya tashi fitsari da dare. A leƙa ido a ga ko yana ce ta rufe shi, a leƙa kunne a ga ko dauɗa ce ta toshe, a buɗe baki a ga haƙora. Tsoho da yawa da aka ce ya ƙi abinci ba ƙi ya yi ba, tauna ce ta gagara, kuma kunya ta hana shi faɗa wa surukarsa. A cire masa takalmi a duba tafin ƙafa da farce. A tambaye shi, shi kaɗai ba a gaban 'ya'ya ba, ko fitsari yana kuɓuce masa, ko kuma zuciyarsa ta ɓaci tun rasuwar mai ɗakinsa.

LEDAR MAGANI

Babu darasin da ya fi wannan saurin ceton rai. Ana koya wa ɗalibi ya ce a zo masa da duk maganin da tsohon ke sha cikin leda guda, na asibiti da na kemis da na gargajiya, a zazzage a kan tebur. Abin da kan fito yana ba da tsoro. Maganin hawan jini iri biyu daga asibiti biyu, alhali abu ɗaya ne da suna dabam. Valium da wani ya ba da don barci shekara uku da suka wuce, ba wanda ya ce a daina. Piriton na mura, wanda ke sa tsoho magagi ya kuma riƙe masa fitsari. Daonil na ciwon sukari, wanda ke iya kayar da sukarin mai ƙarancin ci har ya suma. Ga kuma Ibuprofen ko Diclofenac da ake saye kullum don ciwon gwiwa, masu iya huda ciki su lalata ƙoda.

Ƙodar tsoho da hantarsa ba sa fitar da magani da sauri kamar na yaro, saboda haka abin da ya yi wa ɗan shekara 30 daidai yana iya yi wa ɗan 80 yawa. Tun 1991 wani likitan Amurka, Mark Beers, ya jera magungunan da ya kamata a yi hattara da su ga tsofaffi, ana kuma sabunta jerin lokaci lokaci. Likitocin wannan fanni sukan fara sa ido da zarar magani ya kai iri biyar. Sai dai fa rage magani aikin likita ne. Akwai waɗanda in an tsai da su farat ɗaya sun fi cutarwa, Valium na cikinsu.

GIGIN TSUFA KO RUƊEWAR KWANA BIYU?

Nan ne aka fi yin kuskure mai tsada. Gigin tsufa a hankali yake shigowa, cikin watanni da shekaru. Amma tsohuwar da shekaranjiya take lissafin kuɗin adashinta daidai, yau kuma ba ta san jikarta ba, wannan ba gigi ba ne. Ruɗewa ce ta farat ɗaya, kuma kusan kullum akwai abin da ya jawo ta: ciwon huhu, ciwon mafitsara, ƙishirwa, taurin bayan gida, faɗuwar sukari, ko sabon magani. In an gano dalilin aka yi magani, sau da yawa hankali yakan dawo. In aka ce aljanu ne aka kulle ta a ɗaki, ana iya rasa ta cikin mako. Mafi muni, a waɗansu wurare tsohuwar da ta fita da dare tana sambatu maita ake laƙaba mata, ba ciwo ba.

Auna tunani ma yana da nasa tarko. Gwaje-gwajen Turawa suna cewa mutum ya zana agogo, ko ya rubuta jimla, ko ya faɗi kwanan watan Bature. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe fensir ba za ta faɗi wannan jarrabawa ko da hankalinta ya fi na mai tambayar. Likitocin Jami'ar Ibadan, waɗanda tun 1992 suka yi wani dogon bincike tare da takwarorinsu na Indianapolis a Amurka a kan gigin tsufa, sun ci karo da wannan matsala, suka fito da gwajin ashana: mai dubawa ya jera tsinken ashana huɗu cikin wani fasali, ya ce tsohon ya jera irinsa, har da inda kawunan suka fuskanta. Ba rubutu, ba alƙalami. Irin wannan dabara ce ta dace da ɗakin shan magani na ƙauye.

Ko duk wannan wahala tana biya? A 1984 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a asibitin tsofaffin sojoji na Sepulveda a Kalifoniya. An raba gajiyayyu kashi biyu, kashi ɗaya aka yi musu irin wannan duba na tsanaki, ɗayan aka yi musu yadda aka saba. Bayan shekara guda, kimanin 24 cikin 100 na kashin farko suka rasu, a ɗaya kashin kuwa 48. Ba kowane gwaji da ya biyo baya ne ya nuna rata mai faɗi haka ba, amma da aka tattara gwaji 29 a 2017 an tarar waɗanda aka yi wa cikakken duba sun fi samun komawa gidajensu su zauna.

Aikin kuma ba na likita kaɗai ba ne. Nas ce ke juya wanda ya kasa motsi kowane awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo, ita ce ke lura ko ya sha ruwa, ita ce kuma za ta ce a cire robar fitsari in ba a bukatarta. Mai gashin ƙashi shi ke ta da shi tsaye tun washegari. An gwada a Amurka a 2007, aka kwantar da tsofaffi masu lafiya kwana goma, aka tarar a matsakaici sun yi asarar wajen kilo guda na naman ƙafa. Watau tausayin nan na "Baba kwanta ka huta, kada ka motsa" shi kansa yana kassara mutum.

INA AKA KWANA A NIJERIYA?

A watan Nuwamba na 2012 aka buɗe cibiyar kula da tsofaffi ta Cif Tony Anenih a asibitin koyarwa na Ibadan, wadda ita ce ta farko da aka gina musamman don wannan aiki a ƙasar nan. Tana duba masu shekara 60 zuwa sama, tana kuma horar da likitoci. A watan Janairu na 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa Cibiyar Dattawa ta Ƙasa, a 2021 aka naɗa Dokta Emem Omokaro shugabarta ta farko, a 2021 ɗin kuma gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa a kan tsufa. Cibiyar ta haɗa kai da hukumar ilmin sana'a ta ƙasa mai hedkwata a Kaduna don tsara matakan horar da masu jiyyar tsofaffi, yadda mai wannan aiki zai sami takardar shaida kamar kowane mai sana'a.

Doka da takarda sun samu, amma tsohon da ke wani ƙauye a Jigawa ko Yobe ba zai je Ibadan ba, da wuya ma ya kai asibitin koyarwa na Zariya ko Kano ko Sakkwato ko Maiduguri. Wanda zai gani shi ne malamin asibiti na ɗakin shan magani, wanda karatunsa ya fi ƙarfi a kan masu ciki da allurar yara da zazzaɓin sauro. Ba laifinsa ba ne, a nan mutuwa ta fi yawa, nan aka tura shi. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kiyasin cewa kafin 2030 mutum ɗaya cikin shida a duniya zai kai shekara 60, kuma samarin da a da suke zaune gida suna kula da iyaye yanzu suna Legas da Fatakwal da Abuja wajen neman abinci. Jiyya ta koma hannun suruka mai goyo, ko jika 'yar shekara 12 da aka cire daga makaranta.

Don irin wannan ma'aikaci ne hukumar ta fitar da wani tsari mai suna ICOPE a 2017, da littafin aikinsa a 2019. Abubuwa shida yake dubawa cikin 'yan mintoci: tunani, motsi, ci, gani, ji, da halin zuciya. A faɗa wa tsoho kalmomi uku a ce ya maimaita can anjima. A ce ya tashi daga kujera sau biyar ba dafawa cikin sakan 14. A tambaya ko ya rame da fiye da kilo uku cikin wata uku. A tsaya bayansa a yi raɗa a ji ko zai kama. Kayan aikin duka kujera ce da agogo da sikeli. Makarantun koyon aikin lafiya na jihohi su ne inda ya kamata wannan darasi ya shiga, domin su ke yaye waɗanda ake turawa karkara, kuma ba sai an gina ko ɗaki guda ba kafin a fara.

Kafin a kai nan, iyalin da za su kai tsoho asibiti suna iya sauƙaƙa wa mai dubawa aiki. Su tafi da ledar magungunansa duka, da tabaransa in yana da shi, da sandarsa. Mai rakiya kuma ya kasance wanda ke kwana kusa da shi, wanda ya san sau nawa yake tashi da dare da abin da ya ci jiya, ba babban ɗan da ya iso daga birni da safe da kuɗin kati a aljihu ba. In ɗan ne zai biya, sai su tafi su biyu.